Sabuwar Kwamfuta a Falon Baba

Ni tun ina yarinya ba a miƙo mini abu in karɓa ban juya bayansa na duba ba. Shi ya sa ranar da aka kira ni daga ofishinmu na Abuja aka ce in kawo tsohuwar kwamfutata a ba ni sabuwa, tambayar da na fara yi ita ce, me tsohuwar ta yi? Aka ce ba ta yi komai ba, tsufa ne kawai. Na ce a raina, to ai ni ma na fara tsufa, bari mu ga inda maganar ta dosa.

Aikina shigar da bayanai ne. Ƙananan asibitocin karkara suna turo rahotanninsu, ni kuma in tace su in zuba a rumbun ofis. Na yi shekaru ina fita daga Keffi da asuba, in sha cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya, in dawo bayan magariba ƙafafuna sun kumbura. Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga shi Inna ta daɗe da rasuwa, sai na je na roƙi shugabar sashenmu ta bar ni in riƙa aiki daga gida. Ta yarda, amma da sharaɗi guda: kowace safiya a gan ni a ciki. Cikin da take nufi shi ne VPN, wata ƙofa ce da kwamfuta ke buɗewa ta kai ka har rumbun ofis kana zaune a ɗakinka. Kafin ta buɗe sai ka sa kalmar sirrinka, sannan ka kwafi wasu lambobi da wata 'yar manhaja ke fitarwa a kan kwamfutar, waɗanda ke canzawa kafin ka gama hamma. In ƙofar nan ta buɗe, ina Angwan Iya kusa da Baba. In ta ƙi, ina cikin motar haya, shi kuma yana kwance shi kaɗai da rediyo.

Baba tsohon ma'aikacin sito ne a wata ma'aikata a Abuja, shi ma hanyar nan ya ci har ya yi ritaya. Mutum ne da bai yarda da makara ba. Tun muna ƙanana ya tura agogon bangon falonmu gaba da kwata guda don kada motar farko ta bar shi, kuma duk agogon da ya shigo gidan sai ya bi sahu, na hannu ne ko na waya. Mun tashi a haka har muka daina lura. Ciwo ya karkatar masa da baki, ya rage masa magana, amma bai rage masa taurin kai ba. Kullum in na kawo masa koko sai ya kalle ni a karkace ya ce, "Ki koma bakin aikinki. Ni ba yaro ba ne." Maganar tana yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa, don na ɗauka zamana ne ya ishe shi.

Ranar Juma'a na karɓo sabuwar. Injiniyan ofishinmu, wani dogon mutumin Akwanga mai yawan fara'a, shi ya saita komai a gabana, ya sa na shiga da hannuna, ƙofa ta buɗe lafiya. Fara'ar tasa ce ma ta fara damuna, don ban ga abin dariya a sauya kwamfuta ba. Na kawo ta gida na ajiye a kan teburin falo, inda nake zama ina aiki ina kallon Baba. Siririya ce, mara nauyi, kuma da ka buɗe ta sai ta baje maka lokaci da manyan lambobi a tsakiyar fuskarta, ba kamar tsohuwar ba da ke ɓoye nata a wani lungu. Baba ya daɗe yana kallonta daga kan kujerarsa.

Ranar Asabar ƙanwata ta zo. Malamar firamare ce a Garaku, tana zuwa duk ƙarshen mako ta karɓe ni in samu in je kasuwa. Muna shiri da ita, amma akwai maganar da ta tsaya tsakaninmu. Ta sha ce mini, "Yaya, kina kashe aikinki a zaune. A samo mai kula da shi ko a kawo shi wurina, ke ki koma ofis a riƙa ganin fuskarki." Da na dawo daga kasuwa ran nan, na tarar da ita a sunkuye kan sabuwar kwamfutar, Baba yana nuna mata wani abu da hannunsa mai lafiya. Tana ganina ta rufe ta ta ce, "Kai, Yaya, abar nan ta yi kyau." Na ce mata kyanta na ofis ne, a bar taɓa ta. Ta yi dariya ta karɓi ledar alayyafo daga hannuna.

Litinin da safe na zauna, na sa kalmar sirri, na kwafi lambobin, na danna. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyi, sannan jan rubutu ya fito cewa lambar ba daidai ba ce. Na ce to, yatsa ne ya zame. Na jira sababbi suka fito, na kwafa a hankali ina karantawa a fili kamar mai koyon ƙirga. Ba daidai ba. Na kashe kwamfutar na kunna. Na cire layin da nake jawo intanet da shi na sa ɗayan. Na ɗauke ta na fita tsakar gida gindin mangwaro inda netwok ya fi ƙarfi, na tsaya da ita a hannu kamar mai tallan ƙosai. Komai yana buɗewa, labarai, saƙonni, har bidiyon girki, ban da ƙofar da abincina ke bayanta.

Na kira Injiniya. Ya ɗauka da fara'ar nan tasa.

"Hajiya, yaya sabuwar amarya?"

"Amaryarka ta ƙi buɗe ƙofa," na ce masa. "Me ka yi mata bayan na fita?"

"Ni? Ai tare kuka fita da ita. Bari in duba ta nan." Na ji yana danne-danne. "A wajena komai lafiya lau ne fa. Akawun ɗinki yana nan, ba wanda ya taɓa. Kina ta ƙwanƙwasa ƙofa, ina gani, amma lambar da kike kawowa ce ba ta shiga."

Ya bi da ni lungu-lungu. Na karanta masa adireshin rumbun ofis harafi bayan harafi. Ya sa na kashe garkuwar tsaron kwamfutar na gwada, na mayar. Ya sa na goge manhajar VPN ɗin gaba ɗaya na sake saukewa, abin da ya cinye mini data da rabin safiya. Can ya ce, "Hajiya, agogon kwamfutar daidai yake kuwa?" Na kalli fuskarta, na ɗaga kai na kalli bango, duka biyun bakinsu ɗaya. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Malam, ban iya gyaran inji ba, amma na iya duba agogo. Daidai yake." Ya ba ni haƙuri, ya ce to in kawo ta Abuja ya duba da idonsa.

Nan ne fa zuciyata ta ce ga shi nan, an zo wurin. In kawo ta Abuja. Wato in shigo ofis da ƙafata, a gan ni a kan tsohon teburina, wani ya ce ai ga ta nan ta iya zuwa, me ya hana ta kullum? Akwai wata abokiyar aikina da ta taɓa faɗa a gaban mutane cewa wasu suna cin albashi daga falon babansu. Na tuna na sha ganinta tana cin gyaɗa a ofishin Injiniya. Na haɗa wannan da wancan, na ga sun zauna daram. Aka karɓe tsohuwar da ba ta taɓa ba ni matsala ba, aka ba ni wadda za ta yi aiki a gabansu ta ƙi a bayansu. Na ce masa ba ni da wanda zan bar wa mara lafiya, ya gyara daga can tunda daga can aka lalata.

Washegari na tsallaka gidan maƙwabciyarmu, wata nas da muke gaisawa ta katanga, na roƙi ta haɗa ni da intanet ɗin gidansu ko nawa ne ke da aljanu. Ta ba ni kujera, ta kawo mini ruwa, ta tsaya a kaina tana cewa, "Sannu, Anti, zai yi da ikon Allah." Bai yi ba. Har ita sai da na kalla ta gefen ido da ta tambaye ni ko ofis ɗin namu suna ɗaukar ma'aikata.

Da yamma saƙon shugabar sashenmu ya shigo. Ba faɗa a ciki, ita ba ta faɗa, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Ta ce ta ga ba na ciki, rahotanni suna taruwa, in har Juma'a abin bai daidaita ba to in dawo teburina daga Litinin, har a ga hali. Na san wannan har a ga halin. Wanda duk aka mayar teburinsa da shi, a nan yake tsufa. Na karanta saƙon a kicin don kada Baba ya ga fuskata, amma da na fito da tuwonsa sai na tarar ya rage muryar rediyo yana kallon ƙofar kicin ɗin.

"Lafiya?" ya ce.

"Lafiya lau, Baba. Abar ce ke gardama."

"Ki koma bakin aikinki," ya ce, ya juya kai.

A wannan daren na kasa cin abinci, kuma a nan zargina ya bar Abuja ya dawo gida. Na tuna ƙanwata a sunkuye kan kwamfutar, na tuna yadda ta yi saurin rufewa. Ranar Juma'a abu yana aiki, ranar Asabar ta taɓa, ranar Litinin ya mutu. Wa ya fi ta son in koma ofis? Kuma wa ke nuna mata da hannu? Na kalli Baba yana fama da cokali da hannun hagu. Ashe har sun gaji da ni haka, su haɗa baki su kore ni daga gidan ubana da dabara. Na so in kira ta a take, sai na fasa, don na san bakina in raina ya ɓaci, kuma ba ni da hujja sai abin da idona ya gani.

Laraba ta wuce a gwaji da tsaki. Na canza kalmar sirri, na sake canzawa har na kusa manta wadda nake kai. Na shiga saitin VPN ɗin na sauya duk abin da ke sauyuwa, na mayar da shi yadda yake. Injiniya ya kira da kansa ya ce zai iya sake ɗaura mini manhajar lambobin daga farko, amma sai na zo da kwamfutar. Na ce masa na ji. Na fara lissafin wa zan roƙa ya riƙa leƙa Baba, wa zai juya shi, wa zai kai shi bayi ba tare da ya ji kunya ba. Duk wanda na kawo a raina sai in ga Baba ba zai yarda ya ci daga hannunsa ba.

Ranar Alhamis da la'asar ina zaune a gaban teburin na zuba tagumi. Na daɗe ban taɓa kwamfutar ba har ta gaji ta koma fuskarta ta farko, mai manyan lambobin nan. Baba ya ƙara muryar rediyo don lokacin labarai ya yi. Mai gabatarwa ya ce ƙarfe huɗu daidai. A gidanmu labaran ƙarfe huɗu da huɗu da kwata suke zuwa, haka na sani tun ina 'yar firamare, ban taɓa jin wani abu ba. Amma ran nan idona yana kan kwamfutar, ita ma ta ce huɗu da kwata. Na kalle ta, na kalli bango, na sake kallonta. Agogon bango na Baba ne, yana da dalilinsa. Ita wannan da aka saita a Abuja, wa ya koya mata lokacin gidanmu?

Nan take na shiga wurin saitin lokaci. Akwai wani ɗan maɓalli da ke sa kwamfuta ta ɗauki lokaci da kanta daga intanet. A kashe yake, an kashe shi an rubuta lokaci da hannu. Na kunna. Lambobin suka ja da baya. Sai a sannan maganar Injiniya ta dawo mini, don lambobin sirrin nan da agogo suke tafiya, nawa da na ofis dole su zama a minti ɗaya. Kwana da kwanaki ina miƙa wa ƙofa lambar da lokacinta bai zo ba. Na sa kalmar sirri, na kwafi lambobin, na danna. Da'irar ta juya sau ɗaya, alamar ta koma kore, rahotannin da suka taru suka fara zubowa.

Ya kamata in yi hamdala in yi shiru. Amma ni ce. Maɓalli ba ya kashe kansa, kuma yanzu ina da hujja. Na ɗauki waya na fita gindin mangwaro na kira ƙanwata, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Ke kika taɓa agogon kwamfutata?"

"Eh, Yaya. Wani abu ya faru ne?"

"Wani abu ya faru? Saura ƙiris ki mayar da ni Abuja, abin da kike so ke nan dama. Sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha."

"Wallahi Yaya ban san zai ɓata komai ba. Agogo ne fa kawai. Baba ne ya matsa mini. Na ce masa kin hana a taɓa kayan ofis, ya ƙi cin abinci sai na gyara. Ya ce kada in faɗa miki, za ki yi faɗa. Ki tambaye shi mana."

Na kashe wayar na tsaya. Tagar falo a buɗe take, kuma muryata ba ta san a hankali ba. Da na shiga, Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya, abin da ba ya yi sai in za a yi sallah. Na durƙusa a gefen kujerarsa kamar yadda muka saba in za mu yi masa magana mai nauyi.

"Baba, kai ka sa a canza agogon abar nan?"

Ya gyaɗa kai.

"Don me?"

Ya daɗe yana tattaro kalmomin, bakinsa yana motsi kafin sauti ya fito. "Tana latti," ya ce. "Na duba ta da na bango. Tana latti." Ya huta, ya share gefen bakinsa da hannun hagu. "In kika makara, sai su ce ki koma."

Ya mayar da idonsa kan rediyon da ke kashe. Ni kuwa na kasa tashi. Mutumin da kullum yake korata da baki, ashe tsoron da ke hana ni barci shi ne yake hana shi. Ya yi mini abin da ya sani, abin da ya riƙe masa aikinsa shekara da shekaru a kan hanyar nan, ya tura ni gaba da kwata guda don kada a same ni da laifi. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani daɗi da ban taɓa ji ba tun da ya kwanta. Na sunkuyar da kai na yi kuka a jikin hannun kujerar, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ban taɓa gaya masa abin da gyaran nasa ya kusa jawowa ba, na kuma roƙi ƙanwata kada ta faɗa, bayan na gama ba ta haƙuri, wanda ya ɗauke ni lokaci don ta riƙe abin, kuma tana da gaskiya. Injiniya na kira shi na ce agogo ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Hajiya, ai na tambaye ki." Na ce ya tambaya, ni ce na duba bangon da bai kamata ba. Ita mai cin gyaɗa har yau ba ta san an taɓa tuhumarta ba, kuma ban fasa kallonta a karkace ba.

Da safiyar Juma'a Baba ya hango fuskar kwamfutar ya ga ta koma lattinta. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ta, ransa a ɓace. Na ce masa, "Baba, ita ta gwamnatin kanta ce, ba ta jin magana. Ka bar ta da lokacinta. Ni zan riƙa bin na bango." Ya auna maganar, sannan ya sauke sandar.

Haka muke har yanzu. Da agogon bango ya nuna lokacin aiki sai in ji sanda tana bugun ƙafar tebur, in baro duk abin da nake yi in zo in zauna, kwata guda kafin kowa ya iso ofis a Abuja. Kokonsa yana gabansa yana hucewa, ba ya taɓawa. Yana kallona ina sa kalmar sirri, ina kwafar lambobin, har alamar ta koma kore.

"Kin shiga?" sai ya ce.

"Na shiga, Baba."

Sai ya jawo kofin da hannun hagu ya fara sha.